Jacques Lowe da iyalan Kennedy: mai adana tarihi ne ko maroƙi mai kyamara?

Alƙalamin_Tarihi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan Jacques Lowe, mutumin da ya ɗauki da yawa daga cikin hotunan da duniya ta san John Kennedy da iyalinsa da su. An haife shi a birnin Kolon na Jamus a 1930, ya koma Amurka a 1949, ya shiga aikin ɗaukar hoto wa mujallu. Ta hannun Robert Kennedy, ƙanin John, ya shiga gidan, a lokacin da Robert yake lauyan wani kwamitin Majalisar Dattawa mai binciken almundahana a ƙungiyoyin ƙwadago. Aiki ne ya haɗa su, amma sai jininsu ya haɗu, har Lowe ya riƙa zuwa gidan Robert da ake kira Hickory Hill yana ɗaukar sa hoto tare da matarsa da 'ya'yansa. Da mahaifinsu Joseph Kennedy ya ga hotunan, sai ya buga wa Lowe waya ya ce ya zo ya ɗauki ɗaya ɗan nasa. Haka aka yi a tsakiyar 1958 Lowe, yana ɗan shekara 28, ya je gidansu na Hyannis Port ya ɗauki Sanata John Kennedy da matarsa Jacqueline da jaririyarsu Caroline. Daga nan ya zama mai ɗaukar hoton John a duk tsawon yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa har zuwa farkon mulkinsa, kuma an ƙiyasta cewa hotunan da ya ɗauki iyalin sun kai 40,000.

Tambayata ita ce: mutumin da uban gida ne ya kira shi, a jirginsu yake tafiya, a teburinsu yake cin abinci, shin za mu karɓi hotunansa a matsayin shaidar tarihi, ko kuwa aikinsa bai bambanta da na maroƙin fada ba, sai dai shi kyamara ce a hannunsa a maimakon kalangu?

Bazazzagiya_Mai_Karatu:
Wa alaikumus salam. Malam, ni a ganina tambayar ta ƙunshi amsarta. Joseph Kennedy ya taɓa harkar finafinai a Hollywood, ya san yadda ake gina sunan mutum a idon jama'a fiye da yawancin 'yan siyasar zamaninsa, kuma ba don sha'awar kundin hotunan iyali ya kira Lowe ba. Ɗansa yana neman komawa kujerar sanata a jihar Massachusetts a 1958, amma idon gidan gaba ɗaya yana kan zaɓen 1960. Suna buƙatar Amurkawa su ga saurayi kyakkyawa mai mata kyakkyawa da ɗiya ƙarama, domin su manta da abu biyu da ake sukarsa da su, wato ƙarancin shekaru da kasancewarsa ɗan ɗarikar Katolika. Hoton nan da Caroline take wasa da sarƙar wuyan mahaifiyarta ya yi wa Kennedy aikin da jawabi goma ba za su yi masa ba.

Tsohon_Mai_Hoto:
Salamu alaikum. Na yi sana'ar nan tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu da jan ƙwai, saboda haka bari in sa baki. Hajiya Bazazzagiya, abin da kika faɗa game da niyyar uban gaskiya ne, amma niyyar wanda ya biya kuɗi daban, abin da ya shiga cikin fim daban. Ku nemi hoton da Lowe ya ɗauka a wani ƙaramin gidan cin abinci a jihar Oregon a 1959. Kennedy da matarsa da surukinsa Stephen Smith suna zaune a lungu suna karin kumallo, kuma babu wanda ya ko ɗaga kai ya dube su. Akwai wani kuma da aka ɗauka a filin jirgin sama a wannan jihar, inda mutanen da suka zo tarbarsa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wane maroƙi ne zai tsaya ya sanar da duniya cewa ubangidansa ya sauka a gari babu wanda ya san da zuwansa?

Na taɓa bin wani ɗan takara yawon kamfe a nan gida, ba zan faɗi sunansa ko jam'iyyarsa ba. Duk inda muka je aka sami filin taro fayau, tun kafin in ɗaga kyamara yaransa za su matso su ce in sunkuya in ɗauko daga ƙasa, in cika hoton da kawunan 'yan sahun gaba domin kada a ga bayansu. Da daddare kuma a karɓi fim ɗin a hannuna, a wanke a wani wuri, a zaɓi abin da ake so. Ni da na danna maɓallin ban sake ganin sauran ba. Shi Lowe nagatif ɗinsa, wato ainihin fim ɗin da ake buga hoto daga gare shi, a hannunsa suka zauna har ya mutu. A sana'armu wannan shi ne ma'aunin ko kai ɗa ne ko bawa.

Bazazzagiya_Mai_Karatu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Sai dai ina roƙon a duba lokacin da waɗannan hotuna na kaɗaici suka yi suna. Bayan an ci zaɓe ne suka zama abin alfahari, domin a sannan labarinsu ya koma na mutumin da ya fara daga inda ba a san shi ba har ya kai Fadar White House. Ai wannan ma yabo ne, kuma ya fi yabon fili shiga rai. Da Kennedy ya faɗi a hannun Hubert Humphrey a zaɓen fidda gwani na West Virginia a watan Mayun 1960, da babu wanda zai rataye hoton gidan cin abincin nan a bango.

Ɗan_Damagaram:
Ina gaida jama'a daga Zinder. Ni hoto ɗaya ne ya sa na san sunan Lowe, kuma ya shafe mu a nan Afirka. Ranar 13 ga Fabrairun 1961, Lowe yana cikin ofishin shugaban ƙasa sai waya ta shigo daga Adlai Stevenson, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, yana sanar da Kennedy cewa an kashe Patrice Lumumba, firaministan farko na Kwango. Hoton ya nuna Kennedy riƙe da kan waya a kunne, idanunsa a rufe, ya dafe fuskarsa da ɗaya hannun. An kashe Lumumba tun ranar 17 ga Janairu a yankin Katanga, kwana uku kafin a rantsar da Kennedy, amma aka ɓoye labarin kusan wata guda.

Babu ɗan jaridar da za a bari ya tsaya a wannan ɗaki a irin wannan lokaci. Sabo ne ya sa Kennedy ya daina ganin Lowe a matsayin baƙo, har ya saki fuskarsa a gabansa. Idan muka ce kusanci yana ɓata shaida, to mu kuma yarda cewa ba don kusancin ba da wannan shaidar ba ta samu ba sam.

Lauyan_Unguwa:
Malam Ɗan_Damagaram ya kawo misali mai ƙarfi, amma a nan ne ma ya kamata mu yi taka-tsantsan. Hoton ya tabbatar da cewa wani mutum ya rufe ido ya dafe fuska yana sauraron waya. Abin da aka faɗa masa a wayar, da abin da ya sa ya yi haka, daga bakin Lowe muka ji. Ban ce ƙarya ya yi ba, sai dai mai ba da shaidar abokin gidan ne, kuma kowace kotu takan yi la'akari da haka. Sannan ko da baƙin cikin na gaskiya ne, hoton ba ya gaya mana ko juyayin mutuwar Lumumba ne, ko kuwa tunanin rikicin da za a shiga da Tarayyar Sobiyat a kan Kwango.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake amfani da hoton a yau. Sau da yawa akan kawo shi domin a wanke Amurka daga abin da ya faru, alhali kwamitin Majalisar Dattawan Amurka da Sanata Frank Church ya jagoranta ya bayyana a 1975 cewa hukumar leƙen asirin ƙasar, CIA, ta shirya kashe Lumumba da guba a zamanin gwamnatin Eisenhower, shugaban da Kennedy ya gada, duk da cewa ba ta wannan hanyar aka kashe shi ba. Ita kuma Beljiyam, wadda ta yi wa Kwango mulkin mallaka, binciken majalisarta na 2001 ya ɗora wa gwamnatinta ta wancan lokaci alhaki, ta kuma nemi afuwa a 2002. Fuskar shugaba ɗaya, komai damuwar da ke cikinta, ba ta goge waɗannan takardu.

Ɗan_Damagaram:
Barista, ban kawo shi don wanke kowa ba. Abin da nake cewa kawai shi ne, mai karatun tarihin Kwango da ke da takardun Church da rahoton Beljiyam da wannan hoto ya fi wanda ke da takardun kaɗai.

Ɗalibar_Jarida:
Ina neman ƙarin haske daga manya. Na sha ganin hoton ƙaramin yaron nan, John ƙarami, yana leƙowa daga ƙarƙashin teburin mahaifinsa a ofis. Shi ma Lowe ne ya ɗauka? Kuma shi ne mai ɗaukar hoton gwamnati na Fadar White House a lokacin?

Alƙalamin_Tarihi:
Ƙanwata, duka biyun a'a. Hoton ƙarƙashin tebur na Stanley Tretick ne, wanda yake yi wa mujallar Look aiki, kuma a watan Oktoban 1963 aka ɗauke shi, lokacin Lowe ya riga ya koma harkokinsa a New York. Labarin hoton ma ya shafi muhawararmu. Jacqueline ba ta son a riƙa amfani da 'ya'yanta a siyasa, tana tsare su daga masu ɗaukar hoto iyakar ƙoƙarinta. Sai da ta tafi ƙasar Girka hutu, bayan rasuwar jaririnsu Patrick a watan Agusta na wannan shekara, sannan Kennedy ya ba Tretick dama ya shigo ya ɗauki yaron. Wato ko a cikin gidan ba baki ɗaya aka yi a kan abin da za a nuna wa duniya ba: mijin yana ganin amfanin hotunan yara, matar tana ganin illarsu.

Game da muƙami kuwa, an yi wa Lowe tayin zama mai ɗaukar hoton fadar amma bai karɓa ba, ya zaɓi ya ci gaba da zama mai zaman kansa. Cecil Stoughton, wani hafsan soja, shi ya yi wannan aiki, kuma shi ne ya ɗauki hoton rantsar da mataimakin Kennedy, Lyndon Johnson, a cikin jirgin shugaban ƙasa a Dallas ranar 22 ga Nuwamban 1963, ranar da aka kashe Kennedy, Jacqueline tana tsaye a gefensa. Akwai kuma Robert Knudsen da Abbie Rowe, su ma ma'aikatan gwamnati ne.

Gwaggon_Yara:
Abin da Malam ya faɗa game da Jacqueline shi ne ya tsaya mini a rai, kuma na lura tun da aka fara zancen nan ana ta maganar shugaba da mai hoto, an manta da matar da yaran. Caroline ba ta cika shekara ɗaya ba lokacin da Lowe ya fara ɗaukar ta, domin a watan Nuwamban 1957 aka haife ta. Ba ta zaɓi ta zama fuskar kamfe ba. Ƙanenta kuma ranar da ya cika shekara uku, 25 ga Nuwamban 1963, ita ce ranar jana'izar mahaifinsa, kuma hoton da aka ɗauke shi yana sara wa akwatin gawar ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ina ganin amanar da ke tsakanin Lowe da gidan ta fi rataya a wuyan uwar gida fiye da mai gidan. Ɗan siyasa kowa ya ɗauke shi hoto murna yake yi. Mace mai tsare 'ya'yanta kuwa, in har ta bari wani namiji da ba ɗan uwanta ba ya zauna a falonta da kyamara tana renon ɗiyarta, to ta gwada shi ta ga ba mai fallasa ba ne. Wannan kamewar da wasu a nan suke kira ɓoye gaskiya, ni a wurina mutunci ne. Ba duk abin da idon baƙo ya gani a gidan mutane ne hakkin jama'a ba.

Likita_Bakatsine:
Gwaggo, na yarda da ke a kan yara da uwarsu ɗari bisa ɗari. Amma akwai abin da yake hakkin jama'a ne, kuma aka rufe shi, wato lafiyar mutumin da yake neman a damƙa masa makaman nukiliya. Kennedy yana fama da cutar Addison, wadda ke hana jiki samar da wasu sinadarai masu muhimmanci, kuma yana shan magani a kanta kullum. An yi masa tiyata a gadon baya a 1954 wadda ta kusa zama ajalinsa, yana ɗaura abin tallafe baya a ƙarƙashin riga, kuma sau da yawa da sandunan guragu yake tafiya idan babu idon jama'a. A lokacin babban taron jam'iyyar Democrat na 1960 magoya bayan Johnson sun tayar da zancen cutar, mutanen Kennedy suka musanta. Sai a 2002 aka ba masanin tarihi Robert Dallek damar duba takardun asibitinsa, aka ga yawan magungunan da yake sha.

To ga tambaya: mutumin da yake tare da shi a jirgi da otal tsawon watanni, zai yiwu a ce bai ga yana cije leɓe wajen hawa matakala ba? Duk da haka siffar da hotunan suka bar wa duniya ita ce ta saurayi mai jini a jika. Zaɓen 1960 kuwa da ƙyar aka ci shi, tazarar da ke tsakaninsa da Richard Nixon ba ta wuce ƙuri'u dubu ɗari da 'yan kai ba a cikin kusan miliyan 69.

Lauyan_Unguwa:
Likita, ƙarin bayani kaɗan domin adalci. Ciwon bayan ba a ɓoye shi gaba ɗaya ba. Bayan ya fama shi wajen dashen itace a Ottawa a watan Mayun 1961, jaridu sun buga hotunansa da sanduna a watan Yuni, har da wanda ake ɗaga shi da na'ura zuwa ƙofar jirgi. Kuma jama'a sun ɗauki ciwon a matsayin raunin yaƙi, saboda abin da ya same shi a jirgin ruwan soja a 1943, don haka bai rage masa komai ba. Cutar Addison ce aka rufe, ita kuwa ba abu ba ce da kyamara take iya nunawa. Sannan irin wannan kawaici ba da Lowe ya fara ba. Franklin Roosevelt ya mulki Amurka shekara 12 ba ya iya tafiya da ƙafafunsa, amma hotunansa a kan keken guragu 'yan ƙalilan ne, domin masu ɗaukar hoto na jaridu ma sun kau da kai. Bai dace a ɗora wa mutum ɗaya laifin al'adar zamani guda ba.

Tsohon_Mai_Hoto:
Bari in koma kan abin da ake cewa Lowe yabo kawai ya iya. Ku dubi hoton otal ɗin Biltmore a Los Angeles, ranar 14 ga Yulin 1960, washegarin da jam'iyya ta tsayar da Kennedy. A ranar ne aka ba Johnson takarar mataimaki, abin da Robert bai so ba ko kaɗan. Lowe ne kaɗai mai kyamara a ɗakin. A hoton Johnson yana magana, John yana saurare, shi kuwa Robert ya haɗe rai, kowa ya duba ya san babu ƙauna tsakaninsa da baƙon. Wannan ƙiyayya ta Robert da Johnson ta ci gaba har 1968, kuma ga ta nan a fili tun ranar farko. Wanda aka ɗauka don ya gyara wa gida suna ba zai fitar da wannan ba, musamman da yake Robert ne abokinsa na asali a gidan.

Wani abu kuma da wanda bai yi sana'ar ba ba zai lura da shi ba: irin waɗannan hotuna da hasken ɗaki ake ɗaukar su, ba a tsayar da mutane a jera su. Da zarar ka haska wa mutum fitila a fuska ka tuna masa cewa kana nan, sai ya gyara zama ya gyara fuska. Gwanintar Lowe ita ce ya iya zama a ɗaki har a manta da shi, kuma wannan ba ya samuwa sai da daɗewa tare.

Malamin_Makaranta_Kumasi:
Ina biye da ku daga Kumasi. Ina ganin zai taimaka a auna Lowe da wasu da suka yi irin aikinsa. Heinrich Hoffmann shi ne mai ɗaukar hoton Hitler, kuma kusancinsu ya wuce na Lowe da Kennedy nesa ba kusa ba: a shagonsa Eva Braun, wadda daga baya Hitler ya aura, take aiki lokacin da ta haɗu da shi, ɗiyarsa kuma ta auri Baldur von Schirach, shugaban matasan Nazi. Ya yi arziki da hotunan, bayan yaƙi kuma aka ɗaure shi. A ɗaya gefen akwai Peter Magubane na Afirka ta Kudu, wanda gwamnatin wariyar launin fata ta tsare shi a kaɗaice kwana 586 saboda aikinsa, daga baya ya zama mai ɗaukar hoton Nelson Mandela daga fitowarsa kurkuku a 1990 har ya hau mulki a 1994. Dukansu makusantan shugabanni ne, amma ba wanda zai sa su a kwando ɗaya. Saboda haka kusanci shi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an duba wane ne shugaban, da kuma ko akwai wasu masu kyamara da aka bari su ɗauki abin da makusancin ya ƙi ɗauka. A Amurkar 1960 akwai su da yawa, a Jamus ta Hitler babu.

Bazazzagiya_Mai_Karatu:
Malam na Kumasi, akwai su da yawa, amma Barista ya riga ya nuna mana cewa su ma kau da kai suke yi. Harkokin Kennedy da mata, waɗanda yanzu babu masanin tarihin da ke musunsu, 'yan jarida da dama na wancan lokaci sun sani suka yi shiru, a daidai lokacin da hotunan miji da mata da ɗiya suke cika mujallu. Ban ce aikin Lowe ne ya bi mutum ɗakin kwana ba. Abin da nake cewa shi ne, hoton iyali mai kwanciyar hankali da aka sayar wa masu zaɓe bai cika gaskiya ba, kuma Lowe na cikin manyan waɗanda suka ƙera shi.

Alƙalamin_Tarihi:
Akwai ɓangaren labarin da ba mu taɓo ba, kuma yana da nasaba da maganar Baba cewa riƙe nagatif shi ne 'yancin mai hoto. Kisan John a 1963 ya girgiza Lowe, amma kisan Robert a watan Yunin 1968 ne ya sa ya bar Amurka ya koma Turai, bai dawo da zama ba sai bayan shekaru masu yawa. Nagatif ɗin nan 40,000 ya ɗauke su tamkar ransa, ya ajiye su a akwatin ƙarfe a ma'ajiyar wani banki da ke gini na 5 na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, yana ganin babu inda ya fi nan tsaro. Ya rasu a watan Mayun 2001. Wata huɗu bayan haka aka kai harin 11 ga Satumba, wuta ta cinye ginin. Da aka tono akwatin daga baya aka buɗe wa ɗiyarsa Thomasina, babu abin da ya rage na fim ɗin. Guda goma ne kacal suka tsira, domin an ba da aron su a lokacin.

Su kuwa hotunan Stoughton da Knudsen da Rowe, da yake aikin gwamnati ne, mallakar jama'a ne, suna nan a ɗakin adana tarihin Kennedy da ke Boston, kowa yana iya amfani da su. A cikin irin waɗannan tarin na gwamnati ne ake samun hotunan baƙin da fadar ta karɓa, kamar ziyarar Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa a watan Yulin 1961. Da Lowe ya karɓi muƙamin da aka yi masa tayi, da aƙalla abin da ya ɗauka a fadar yana can a adane.

Tsohon_Mai_Hoto:
Innalillahi. Na san labarin, amma duk lokacin da na sake jin sa sai jikina ya yi sanyi. Sai dai, Malam, ba a rasa komai da komai ba. Mu masu aikin fim, idan mun wanke nadi ɗaya mukan yanka shi gunduwa-gunduwa mu jera a kan takarda ɗaya mu buga, sai duka hotunan su fito ƙanana kamar kan sarki. A wannan takardar gwajin ake dubawa da madubin ƙara girma, a zagaye wanda ya yi da jan fensir, a soke wanda bai yi ba. Irin waɗannan takardu na Lowe sama da 1,500 suna ajiye a wani wuri daban, saboda haka suka tsira, kuma daga cikinsu ne gidan tarihin jarida na Newseum, wanda yake a Washington kafin a rufe shi a ƙarshen 2019, ya farfaɗo da hotunan da ya baje kolinsu a 2013.

Ga mai son amsa tambayar da aka buɗe zancen nan da ita, takardun gwajin sun fi hotunan da aka buga amfani. A nan ne za ka ga abin da ya zo kafin hoton da ya yi suna da abin da ya biyo bayansa, ka ga wanda aka zagaye da wanda aka tsallake. In akwai son kai a aikin mai hoto, a jan fensir ɗin nan yake zaune.

Ɗalibar_Jarida:
Baba, na gode. Wannan ya sa na tuna da Solomon Alonge, wanda ya zama mai ɗaukar hoton fadar Benin da ke kudancin Najeriya tun 1933 a zamanin Oba Akenzua na II, ya kuma buɗe shagonsa na Ideal Photo Studio a 1942. Tarin nagatif ɗinsa yanzu yana gidan tarihin Smithsonian a Washington. Shi ma ɗan gida ne a fada, amma masana suna yaba aikinsa ne saboda wannan dalilin, wai ya nuna sarautar Benin da idon ɗan ƙasa bayan shekarun da Turawa ne kaɗai suke ɗaukar ta. Me ya sa kusanci ya zama abin yabo a kan Alonge, ya zama abin zargi a kan Lowe?

Lauyan_Unguwa:
Saboda Oba ba ya neman ƙuri'ar kowa, ƙanwata. Hoton fada an san na girmamawa ne, mai kallo bai taɓa ɗauka rahoto ba ne. Hotunan Lowe kuwa ƙarfinsu yana cikin kamanninsu da abin da aka tsinta ba shiri, kuma an buga su a mujallu a tsakiyar labarai a lokacin da mutane suke yanke shawarar wanda za su zaɓa.

Gwaggon_Yara:
Barista, in haka ne laifin na editocin mujallun ne da suka buga ba tare da sun gaya wa mai karatu wanda ya kira mai hoton ba. Shi Lowe bai taɓa ɓoye cewa yana ƙaunar mutanen nan ba, kuma mutumin da ya bar ƙasa saboda an kashe abokinsa ba don kuɗi kawai yake tare da su ba.

Likita_Bakatsine:
Ƙaunar ce ma abin tsoron, Gwaggo. Wanda aka saya da kuɗi yana iya juyawa idan wani ya ƙara masa farashi, ko ya faɗi gaskiya bayan an sallame shi. Wanda yake ƙauna kuwa ko bayan shekara 30 abin da ya zagaye da jan fensir a 1960 shi zai sake zagayewa. Ina so in ji daga Baba ko a takardun gwajin da aka baje akwai inda aka ga Kennedy da sanduna ko yana cikin ciwo, domin idan Lowe ya ɗauka ya ƙi fitarwa hukuncinsa daban, idan kuma tun farko sauke kyamarar yake yi a irin wannan lokaci, wannan ma wani hukuncin ne daban.